Malam, Kafin Ka Rubuta Takardar Neman Canji

Babu watan da zai wuce ba mu sami takardun malamai daga ƙasashen Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ba, suna roƙo a sauya musu wurin aiki. Waɗansu so su ke a mai da su birnin Kano, waɗansu kuwa allon ne ya fita daga ransu gaba ɗaya, sun fi son kujerar akawu. Dalilan da su ke kawowa ba su wuce uku ba, watau aikin ya gundure su, albashi ba ya kai wata, hanya kuma ta yi nisa. Ba mu ƙaryata ko ɗaya ba. Abin da mu ke gani shi ne, yawancinsu sukan cuɗa ukun nan su zama kuka ɗaya, alhali kuwa kowanne da nasa magani.

Mu fara da hanya, gama ita ce ta fi cin mutane ba su sani ba. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, malamin da aka tura Badafi a Badafi ya ke kwana. Yana da gida, yana da keke, sau da yawa dagaci kan ba shi gona. Yanzu kuwa malamai da dama sun ajiye iyali a birni ko a hedkwatar ƙaramar hukuma, suna jeka-ka-dawo. Sa'ad da mai ya ke da araha abin ya yiwu. Amma tun ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin mai, litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta ninka fiye da sau biyu nan take, ta kuma zarce naira 1,000 a ƙarshen 2024. A shekarar ne aka mai da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000, Gwamnatin Kano ta sa nata 71,000.

To, a ɗauki alƙalami. A ce mota zuwa Kwanar Dangora, da babur daga nan zuwa makaranta, da komowa, suna cin naira 2,000 a yini, misali kawai. Kwanakin aiki 22 sun tashi naira 44,000 ke nan. Ko malami mai takardar NCE, wanda albashinsa ya ɗara mafi ƙaranci, ai ya san direba ya zama abokin rabonsa. Balle wanda zai ratsa dajin Falgore, kimanin kilomita 150 daga Kano, ya nufi Riruwai. Wannan ba ya ma iya zuwa kullum, sai ya zo Talata ya gudu Alhamis, yara su yi ta zaman jiran malam.

Irin wannan mutum ba aiki ya kamata ya canja ba, wurin kwana ya kamata ya canja. Mun san maganar ba za ta yi wa uwargida daɗi ba. Amma kudancin Kano ya fi sauran jihar samun ruwan sama, masara da shinkafa da rake suna yi, ga madatsar Tiga da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Malamin da ya ke da rumbu, albashinsa na cefane ne da sutura. In ya koma birni sai ya auni hatsi da tiya, ya biya haya, ya sayi ruwa a jarka. Mun ga wani da ya sami canjin da ya yi shekara biyu yana nema, damina ɗaya ta kewayo sai ga shi yana roƙo a mai da shi inda ya fito.

Maganar albashi gajeriya ce. Akawu da malami in matakinsu ɗaya, bambancinsu ba wani mai yawa ba ne. Wanda zai tafi makarantar kuɗi ko kamfani kuwa, ya tambaya a rubuce, shekarun da ya yi wa Gwamnati ina za su, fanshonsa kuma wa zai biya.

Saura gundura, ita ce ba a iya lissafawa da naira. In hedimasta ne ba ku shiri, canjin makaranta ya isa. In ƙarin girma ne ya makale, a bi shi ta ofis da ƙungiyar malamai. Amma in mutum ya wayi gari ganin yara ba ya faranta masa rai, ya yi shekara a haka, to, ba za mu riƙe shi ba. Gara ya tafi da mutunci, ya ba da sanarwa, ya bari sai ƙarshen zango.

Mu ma masu rabon wuraren aiki da namu laifi. Mukan tura mutum inda babu ɗakin da zai sa kansa, sa'an nan mu tuhume shi da makara. A watan Oktoba na 2020 Shugaba Buhari ya yi alkawarin alawus da gidaje masu sauƙin kuɗi ga malaman karkara, a 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Shawararmu ga Hukumar Ilmin Bai-Ɗaya ta Jiha ita ce, duk inda za a gina sabon aji a Kiru ko Doguwa, a haɗa da ɗaki biyu na malami, a kuma fara duba 'yan asalin gunduma in za a ɗauki sababbin malamai.