Tallafin talaka a Madawa, Buza da Keita: rabo ne ko haƙƙi?

A gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, an san watannin wuya tun kafin su zo. Daga Yuni zuwa Satumba rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, tiya ta yi tsada a kasuwa, ga aikin gona yana neman ƙarfin jiki. A shekarar da damina ta gaza, wannan hali kan fara tun Fabrairu ko Maris. Ma'aikacin gwamnati yana da fansho, ma'aikacin kamfani yana da asusun CNSS, amma su 'yan tsiraru ne. Manomin Tamaske, makiyayin Azarori da matar da ke sayar da itace a Karofane ba sa cikin wannan lissafi. Abin da ke tsakaninsu da yunwa shi ne dangi, ɗan da ya tafi bida Abijan ko Libiya ko Nijeriya, sai kuma tallafin gwamnati da na ƙungiyoyin agaji.

Mafi daɗewa cikin hanyoyin gwamnati ita ce sayar da hatsi da rahusa daga rumbunan hukumar ajiyar hatsi ta OPVN. Shekara da shekaru buhu mai kilo 100 a wannan tsari jika 13 ne, ko da na kasuwa ya ninka haka. Amfaninsa a fili yake, domin yana rage wa 'yan kasuwa ƙarfin ɗaga farashi. Rauninsa ma a fili yake: rahusa tana amfanar wanda ke da kuɗi a hannu ne. Shekarar 2005 ta tabbatar da haka. Bayan fari da farar ɗango na 2004, gwamnatin Tandja Mamadou ta daɗe tana dogaro da sayarwa da rahusa, rabon kyauta na gama-gari bai kankama ba sai a watan Agusta. Kafin nan mutane sun koma cin anza da ganyen jiga, likitocin MSF kuma sun buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa a Keita. Bayan wannan yunwa ne ƙungiyar ta kafu a Madawa da Buza har tsawon shekaru.

Yankin ya daɗe da sanin aiki a bakin abinci. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya don karya ƙarfin iska, a 1984 kuma aka buɗe babban shirin Keita da kuɗin Italiya, inda aka farfaɗo da faƙo da gangaren duwatsu, ana biyan ma'aikata da abincin hukumar abinci ta duniya, PAM. Mafi yawan masu ɗaukar dutsen mata ne, saboda maza sun tafi bida. Har yau ana haƙa ramukan rabin wata masu tare ruwan sama ana karɓar kuɗin yini. Wannan hanya tana barin abin gani a ƙasa, sai dai ba ta tsoho ba ce, ba ta mai ciki ba ce, ba ta maras lafiya ba ce.

Rabon tsabar kuɗi ya shigo da ƙarfi ne bayan yunwar 2010. A shekarar, ƙungiyar Concern ta gwada tura kuɗi ta wayar salula a ƙauyukan jihar Tawa. A 2011 gwamnati ta amince da manufar ƙasa ta kare marasa ƙarfi, Bankin Duniya ya zuba dala miliyan 70, aka fara ba gidajen da aka zaɓa jika 10 kowane wata har wata 24, kuma a hannun mace ake sa kuɗin. Kashi na biyu na shirin, wanda aka raɗa wa suna Wadata Talaka, ya ɗaga adadin zuwa jika 15. Ƙungiyoyin agaji kuwa sun daɗe suna ba da sefa 32,500 a wata, na wata 4 kacal, a tsakiyar damina.

Dole a yaba wa wannan tsari inda ya cancanta. Binciken da aka yi a kansa ya nuna gidajen da suka samu kuɗin wata-wata sun fi cin abinci, sun fi shiga adashi, sun fi kare abin da suke samu daga noma da sana'a a shekarar fari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya san jika 15 na zuwa ƙarshen wata ba ya sayar da akuyarsa a farashin wulaƙanci, ba ya barin gonarsa ya tafi barema gonar wani a ranar da ta fi bukatar noma, ba ya cin bashin buhu da zai biya da kaka da ƙari mai nauyi. Inda aka haɗa da jari na jika 80 da horon sana'a ga ƙungiyoyin mata, ribar ta daɗe bayan an daina biya. Sirrin kuɗin yana cikin tabbacin zuwansa fiye da yawansa, kuma a nan ne tsarin ya fi rauni.

A ƙasashen da tallafi ya zama doka, wanda ya shiga wahala yana zuwa ofis ya nema, in an hana shi ya ɗaukaka ƙara. A Garhanga ko Tabotaki babu wannan ƙofa. Talaka ba ya nema, zaɓarsa ake yi. Da farko a zaɓi gunduma, sannan ƙaramar hukuma, sannan ƙauye, wani lokaci ta hanyar ƙuri'a a bainar jama'a saboda kuɗin bai isa kowa ba. Daga nan masu bincike su shiga gida-gida suna tambayar irin rufin ɗaki da yawan dabbobi, kwamfuta ta jera sunaye. Ko kuma a kafa kwamitin gari ya kasa mutane kashi huɗu, daga matalauta ƙwarai zuwa masu hali. Wanda gobara ta cinye rumbunsa mako guda bayan rufe rajista sai ya jira zagaye na gaba, in akwai. Abin da ake ji a bakin mutane shi ne "sunana bai fito ba", kamar masu jiran sakamakon caca.

A ƙauyen da kusan kowa talaka ne, tsaga layi tsakanin gida da gida yana haifar da zargi. Masana na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun bi diddigin rabon kuɗi a wurare da dama na ƙasar, suka tarar a wasu garuruwa da zarar motar masu rabo ta juya, sai a tattara kuɗin a sake kasa su ga kowa, wani lokaci da kason mai gari a ciki. Sun kuma tarar kuɗin da aka damƙa wa mace sau da yawa hannun miji yake ƙarewa. Masu ba da kuɗin suna kiran wannan maguɗi. Wani ɓangarensa maguɗin ne, amma wani ɓangaren hukuncin gari ne a kan ma'aunin da bai gamsu da shi ba, kuma ya kamata a saurare shi. Gidan da mata biyu ko uku ke girki, aka rubuta sunan ɗaya, an shuka rigima ne a tsakar gida.

Kuɗi kaɗai kuma ba ya warkar da tamowa. Watannin yunwa su ne watannin zazzaɓin cizon sauro. Wani gwaji da aka yi a gundumar Tawa a 2015 ya raba kuɗi iri ɗaya a wata 6 daga Afrilu maimakon wata 4 daga Yuni, amma yawan yara masu tamowa bai bambanta ba. Jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a doka tun 2006, sai dai jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya sha barin ɗakin magani fayau, uwa ta koma kanti da kuɗin da aka ba ta don abinci. Maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda Madawa da Buza ke cikin wuraren da aka fara rabawa a 2013, yana cikin abubuwan da suka fi kare wannan ɗan tallafi daga zurarewa.

Babbar tambaya ita ce ta mai biya. Mafi yawan kuɗin nan daga waje suke zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki, Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗi na tsawon watanni, a daidai tsakiyar damina. Faɗuwar naira ta rage darajar abin da 'yan bida ke aikowa daga Sakkwato da Kano da Legas. A 2024 ambaliya ta rusa gidaje a jihar, a 2025 Amurka ta zabge kuɗin agajinta a duniya baki ɗaya. Ƙaramar hukumar Bangi kuwa tun 2021 take karɓar dubban 'yan gudun hijira da 'yan bindiga suka koro daga jihar Sakkwato, kuma masu masaukin ba su fi baƙin ƙarfi ba.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, ƙasar da ke maganar cin gashin kai ba za ta bar abincin talakanta a hannun kasafin wata ƙasa ba. Asusun ceton ƙasa da aka kafa a Oktoban 2023, wanda ake tara wa kuɗi har daga katin waya, ya nuna ana iya samun kuɗi a cikin gida idan an sa niyya, ga kuma ɗanyen mai da aka fara fitarwa a 2024. Ya dace tallafin wata-wata ya samu gurbi na dindindin a kasafin ƙasa, ko da adadin ya fara da kaɗan. Rajistar bai-ɗaya ta marasa ƙarfi da aka soma haɗawa ta kasance a buɗe duk shekara a ofishin kowace ƙaramar hukuma, yadda bazawarar da mijinta ya rasu a Maris za ta je a rubuta ta a Maris. Sunayen waɗanda aka zaɓa a karanta su a dandali, a liƙa su a bango, ƙorafi kuma ya tafi hannun wanda ba shi ya yi zaɓen ba. Hukumar DNPGCA tana da ƙiyasin amfanin gona tun Nuwamba, ta san ƙauyukan da suka yi gibi. Hatsin rahusa da na kyauta ya kamata su isa rumbunan Keita, Buza da Madawa kafin ruwan Yuni ya cika ƙoramu ya yanke hanyoyin ƙauyuka.