FILIN KIMIYYA DA SANA'A: Garin ƙarfe a cikin ruwan lagireto

A wannan wata filin namu zai leƙa wani bincike da masana suka shafe shekara 30 suna yi, wanda ya shafi direbobinmu na manyan motoci, da makanikai na Suame Magazine a Kumasi, da duk mai janareta ko injin niƙa a zango. Batun shi ne zuba garin ƙarfe mai laushin gaske a cikin ruwan sanyaya inji, wai don ya fi saurin kwashe zafi.

Da farko mu san aikin lagireto. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da inji ke ƙonawa, ruwa ne ke kwashe shi. Famfo ya tura ruwan ya zaga jikin inji, ya fito da zafi, ya bi ta siraran bututun lagireto, iska ta huce shi, ya sake komawa. Masana suna kiran irin wannan na'ura mai musayar zafi, kuma akwai ta a firji, da na'urar sanyaya ɗaki, da masana'antu, da tashoshin wutar lantarki. In musayar ta gaza, inji ya tafasa, kansa ya lanƙwashe, mai mota ya kwana a daji tsakanin Kintampo da Tamale, kayan mutane suna lalacewa.

To, ruwa gwani ne wajen riƙe zafi, amma malalaci ne wajen miƙa shi gaba. Jan ƙarfe ya fi shi saurin tafiyar da zafi fiye da sau 600. Don haka tun tuni tunani ya zo cewa a cuɗa garin ƙarfe a ruwa. Wani masani ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya fitar da lissafin irin wannan gauraye tun a 1873. Matsalar ita ce wadda duk mai dama koko ta sani: in aka kaɗa gasara a ruwa aka ajiye, sai ta kwanta a gindin roba. Haka garin ƙarfe ke kwanciya, ya toshe bututu, ya cinye famfo.

A 1995 Stephen Choi da Jeffrey Eastman na cibiyar bincike ta Argonne, kusa da Shikago a Amurka, suka kawo shawarar a rage girman ƙwayoyin garin zuwa ƙasa da nanomita 100. Nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita, kuma kaurin silin gashin mutum ya kai wajen nanomita 50,000 zuwa 100,000. Ƙwaya mai irin wannan ƙanƙanta ba ta saurin nutsewa, don ƙwayoyin ruwan da kansu suna ta bugun ta nan da can. A 2001 Eastman da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa garin jan ƙarfe da bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba ya ƙara wa ruwan gilaikol saurin tafiyar da zafi da kashi 40 cikin 100. Bisa lissafin Maxwell, ƙarin bai kamata ya wuce kashi 1 ba. Nan fa duniyar masana ta ɗauka, aka yi ta gwaje-gwaje.

Amma fa sakamakon ya yi ta saɓawa, wannan ya sami kaza, wancan ya sami kaza. Don a raba gardama, sai aka aika samfuri iri ɗaya zuwa cibiyoyi fiye da 30 a ƙasashe daban-daban, a ƙarƙashin jagorancin Jacopo Buongiorno na jami'ar MIT. Da aka buga sakamakon a 2009, sai ga shi samfuran da aka auna sun bi tsohon lissafin Maxwell ne: kowane kashi 1 cikin 100 na gari yana ƙara kamar kashi 3. Akwai ƙari, amma babu abin al'ajabi.

Sannan ƙarin yana da tsadarsa. Na ɗaya, gari yana ƙara wa ruwa kauri, sai famfo ya ƙara wahala, ya ci ƙarfin inji. Na biyu, ƙarfe bai kai ruwa riƙe zafi ba. Kilo ɗaya na ruwa yana ɗaukar fiye da ninki goma na zafin da kilo ɗaya na jan ƙarfe zai ɗauka, don haka abin da aka samu ta nan ana rage shi ta can. Na uku, in tafiya ta yi tafiya ƙwayoyin suna mannewa da juna su zama gudaji, su kwanta. Na huɗu, haɗa shi yana da tsada. Waɗannan dalilai ne suka sa har yanzu yawancin aikin yana ɗakunan gwaji, masu ƙera motoci kuma suna nan a kan ruwa da gilaikol.

Ba wai kuma dabarar ta tashi a banza ba ce. A 1963 wani injiniyan hukumar NASA, Steve Papell, ya haɗa wani ruwa mai garin ƙarfe da maganaɗisu ke ja. Ana zuba irinsa a cikin wasu lasifiku, yana kwashe zafin wayar da ke naɗe a ciki don kada ta ƙone. Ana kuma gwada ruwa mai gari a na'urorin tara zafin rana, don garin yana sa ruwan ya yi duhu ya sha hasken kai tsaye.

To, mene ne namu a ciki? In mai talla ya zo da galan an rubuta "nano" a jiki da kuɗi ninki biyu, a tambaye shi ko kamfanin da ya ƙera injin ya amince da shi. Kada kuma wani ya ji wannan bayani ya goga jan ƙarfe ya zuba a lagireto. Garin da hannu ya goga ya fi wanda ake magana girma nesa ba kusa ba, kuma zai toshe bututu ne kawai.

Abin da ya fi kashe mana inji kuwa sananne ne. Ruwan rijiya da na rafi suna barin farin ɓawo da tsatsa a cikin bututu, ɓawon nan kuma yana tare zafi fiye da duk abin da wani gari zai iya gyarawa. A yi amfani da tataccen ruwa haɗe da ruwan sanyaya inji na kanti, wanda ke hana tsatsa kuma yake jinkirta tafasa. A wanke ƙurar hunturu daga haƙarƙarin lagireto kafin zafin Maris da Afirilu, a duba bel ɗin fanka da murfi. Kada a buɗe murfi inji yana da zafi. Gilaikol kuma guba ne mai zaƙi, a ɓoye shi daga yara da dabbobi. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a sana'a. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.