Rai Dangin Goro: Darasin Teburin Mai Shayi Na Agege Ga Mahukuntan Abuja

Masana tattalin arziki kan auna halin da talaka yake ciki da abin da yake samu a wuni, da abin da yake kashewa, da yawan lomar da ke shiga cikinsa. Wannan awo yana da amfani, sai dai akwai abubuwan da mudunsa ba ya ɗauka. Ba ya ɗaukar kofin shayi mai kauri da ɗan dako ke kurɓa bayan sallar asuba a Zangon Agege, ko ɓarin goron da dattijo ke miƙa wa na kusa da shi a kan benci, ko sanyin da ɗan ci-rani ke ji a ransa idan ya tsinkayi Sakkwatanci cikin hayaniyar Legas alhali rabonsa da gida tun kaka. Irin waɗannan abubuwa ba su da gurbi a kasafin kuɗi, babu kuma ma'aikatar da aka ɗora wa alhakin kula da su. Amma da su ne ɗimbin 'yan Arewa mazauna Kurmi suke jure zaman baƙunci, kuma sau da yawa takardar da aka rubuta a ofis ce ke rushe su, ba tare da marubucinta ya san ya yi ɓarna ba. Saboda haka ya wajaba masu riƙe da alƙalami a Abuja su san darajarsu.

Tarihin Agege kansa hujja ne. Kafin zuwan jirgin ƙasa, fataken Kano da Katsina da Sakkwato kan kwashe watanni da jakunansu a hanyar Gwanja, su sauka kasuwar Salaga da ke cikin Gana ta yau, su saro goro su komo. Da layin dogo ya tashi daga Ikko ya isa Ibadan a 1901, ya kuma kai Kano a 1912, sai lamarin ya sauya. Manoman Yarbawa na yankin Agege da Ota da Shagamu suka rungumi noman irin goron da Hausawa ke so, 'yan kasuwar Arewa kuma suka kafa zango kusa da tasha domin su saya, su ɗaure huhu, su ɗora wa jirgi. Daga nan unguwa ta yi sarki da limamai da makarantun allo, mahauta da dillalan shanu suka biyo baya.

Abin lura shi ne goro ba abinci ba ne. Ba ya ƙosar da mai jin yunwa, iyakarsa ya danne ta zuwa wani lokaci. Ɗan ɗaci ne da ke komawa zaƙi idan aka kora da ruwa. Duk da haka a kan wannan ɗan daɗi aka shimfiɗa hanyar fatauci mai tsawon ɗaruruwan mil, aka kuma ƙulla irin amanar da masani Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, inda ake sallama shanu da goro na maƙudan kuɗi bisa kalmar mai gida kawai. Da goro ake neman aure, da shi ake sanar da suna, har harshe ya ari sunansa ya ba kowace irin kyauta: goron albishir, goron sallah, goron gayyata. Al'ummar da ta gina gari a kan abin taunawa ta daɗe da gane cewa ƙaramin jin daɗi ba ƙaramin abu ba ne.

Shi ya sa Bahaushe ya ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Dillalin goro ya fi kowa sanin ma'anar wannan magana. Lokaci zuwa lokaci yakan kwance huhu, ya tsince wanda sankara ta kama, ya sake ganye, ya yayyafa ruwa, sannan ya mayar ya ɗaure. In ya yi sakaci, marsa da minu duk su bushe tare. Ruwan da ake bukata ba shi da yawa, amma dole ya zo a kai a kai. Haka ran mutumin da ke sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12, ko yake fiɗa a mayankar Oko-Oba, ko yake tura kurar ruwa a lungunan Idi-Araba, ko yake gadin gidan da bai taɓa shiga falonsa ba. Aikin yana busar da mutum, kuma ba a kan albashin wata yake rayuwa ba, balle ya jira hutun shekara. Yayyafinsa na kullum ne, kuma mafi yawa a teburin mai shayi yake samunsa.

A ido, teburin ba wani abu ba ne: benci biyu ko uku, tukunyar ruwan zafi, gwangwanayen madara da aka jera kamar ganuwa, kiret na ƙwai, kwalin Indomie, da tulin burodi. Mai shayi ya san wanda ke son sukari da yawa da wanda likita ya hana, ya san mai shan baƙi da mai shan kauri, yana sheƙa shayin daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa ya huce daidai baki. Wannan sanin shi ne farkon daɗin. A birnin da miliyoyin mutane ke wuce juna ba sallama, akwai wuri guda da ake kiran mutum da sunansa da na garinsu, a kuma tambaye shi jikin mahaifiya.

Daɗin ne ke tara jama'a, taruwar kuma ta haifar da sauran amfanin. Baƙon da ya sauka daga motar shanu cikin dare, a teburin mai shayi yake tambayar inda mutanen garinsu suke kwana. A nan ake jin gidan da ke neman mai gadi da shagon da ke neman yaro. A nan ake cin bashi har a samu, a bar ajiya, a ba da saƙo ga direban da zai koma Arewa. A nan ake kewaye rediyo ko waya a saurari BBC Hausa, wadda ta fara watsa shirye-shirye tun 1957, ko RFI Hausa da ta buɗe a 2007 a cikin Legas ɗin kanta, sannan a yi sharhin da wani lokaci ya fi na masu sharhin nauyi. Masauki ne, ofishin neman aiki ne, banki ne, gidan waya ne, kuma gwamnati ba ta kashe ko sisi a kansa ba.

Akwai wani amfanin da ya fi waɗannan tsada. Burodin Agege mai laushi da danƙo, wanda ake danganta asalin irinsa da Amos Shackleford, mutumin Jamaika da ya zo aikin jirgin ƙasa daga baya ya kafa gidan burodi a Legas, yawanci daga hannun Bayarabe yake fitowa. Mai shayin wataƙila ɗan Argungu ne ko ɗan Tawa ta Nijar. A kan bencinsa kwandastan bas Bayarabe da ɗan kasuwa Ibo da mahauci Bakano suke gogar kafaɗa. Legas ta ga rikicin Idi-Araba a 2002, ta ga na Mile 12 a 2016, kuma kowa ya san yadda ƙaramar hatsaniya ke rikiɗa ta zama ta ƙabilanci. Mutumin da ya saba karya kumallo kusa da wani yakan yi jinkiri kafin ya yarda da jita-jita a kansa. Wannan jinkirin yana ceton rayuka, ko da yake ba a rubuta shi a rahoton tsaro.

To, wannan teburi yana fuskantar matsi ta fuska biyu. Ta farko ita ce tsada. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, sukari da fulawa da madara da ƙwai duk sun yi tashin gwauron zabo. Mai shan kauri ya koma baƙi, mai cin ƙwai biyu ya koma ɗaya, littafin bashi ya yi nauyin da jarin mai shayi ba zai iya ɗauka ba. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, amma ɗan garuwa da mai yankan farce ba su cikin wannan lissafi.

Ta biyu ita ce rashin wuri. Dokar jihar Legas ta 2003 ta haramta kasuwancin kan titi, kuma a 2016 gwamnati ta sanar da tsananta aiki da ita har a kan mai saye. Agege ta sami ci gaba na zahiri: gadar Pen Cinema a 2021, sabuwar tashar jirgin Legas zuwa Ibadan a shekarar, da jirgin cikin gari da aka ƙaddamar a 2024. Babu mai hankalin da zai ƙi waɗannan ayyuka. Sai dai kowane irin aiki kamar wannan yana share rumfuna da tebura, kuma wanda ke da takardar fili ne kaɗai ake maganar diyyarsa. Mai shayin da ya shekara ashirin a kusurwa ɗaya ba shi da takarda, don haka a idon tsari babu shi. Idan aka ture teburinsa, har da masaukin da bankin da majalisar ake turewa.

Za a iya cewa wannan magana yi wa talauci kwalliya ce, wato a ba mutum kofin shayi a madadin asibiti da makaranta da aikin yi. Za a kuma ce tebura suna tare hanya, suna tara shara, wani lokaci ma ɓata-gari kan fake da su. Ƙorafin yana da tushe. Shayi ba ya biyan haƙƙin da gwamnati ta danne, kuma ba daidai ba ne a yaba haƙurin talaka domin a sami hujjar ci gaba da yin watsi da shi. Amma gwamnatin da har yanzu ba ta samar da babban abu ba, ba ta da dalilin ƙwace ƙaramin da mutane suka samar wa kansu. Batun tsafta da cunkoso kuwa na tsari ne, maganinsa famfo da kwandon shara da keɓaɓɓen wuri. Ta fuskar tsaro ma, titin da ke da fitila da mutane biyar a farke ya fi titin da aka share ya koma kufai aminci.

Wasu ƙasashen sun gane haka. Singafo ba ta kori masu sayar da abinci a titi ta bar su ba. Ta gina musu cibiyoyi masu ruwa da wuta da magudana, har UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin gadon ɗan Adam a 2020. Indiya ta kafa doka a 2014 wadda ta tanadi a ƙirga masu sana'ar titi, a ba su shaida, a kuma sa wakilansu cikin kwamitin da ke tsara inda za su zauna. Birtaniya kuwa ta kai ga naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018. Abin da ƙasa mai arziki ke neman farfaɗo da shi da kuɗin gwamnati, yana nan a bakin titin Agege a kan farashin kofi ɗaya.

Ma'aikacin tarayya ba baƙo ba ne ga wannan zance. Dattawan da suka yi aiki a sakatariyar Ikoyi kafin gwamnati ta ƙaura zuwa Abuja a ranar 12 ga Disamban 1991, in suna tuna Legas ba fayil suke tunawa ba. Tsiren Obalende suke tunawa, da hirar bayan isha'i. Abuja an zana ta a takarda kafin a zauna cikinta, da faffaɗan tituna da dogayen katangu, ba a bar wa benci wuri ba. Ƙaramin ma'aikaci ya fito daga Mararaba ko Kubwa ko Suleja tun duhun asuba, ya koma bayan magariba, bai zauna da kowa ba sai abokin kujerar mota. Hadimin mai girma kuwa yana iya wuni a sanyin ofis da manyan otal, ya kwana bai yi hira ɗaya da ba ta neman wani abu ba. Wanda ya san gindin bishiyar da mai shayi ko mai fura ke zama a bayan ma'aikatarsu, ya kuma ga yadda ake tsere da kaya idan motar jami'an muhalli ta ɓullo, ya riga ya san labarin Agege.

Gaskiya ne tituna da kasuwannin Legas suna ƙarƙashin jiha da ƙananan hukumomi. Amma layin dogo da manyan hanyoyi da tashoshi na tarayya ne, manufofin haraji da shigo da sukari da alkama ma a Abuja ake yanke su, birnin tarayya kuma kacokan yana hannun gwamnatin tsakiya. Saboda haka akwai abin da mai rubuta takardar shawara zai iya yi. Duk aikin da zai tashi mutane, a ƙirga masu tebur kamar yadda ake ƙirga masu gini, a kuma tuntuɓi sarkin Hausawa da shugabannin sana'o'i kafin katafila ta iso. Duk sabuwar tasha ko sakatariya, a ware mata fili mai inuwa da ruwa a kan kuɗin da mai ƙaramin jari zai iya biya. Duk wata manufa da za ta taɓa farashin fulawa da sukari, a tambayi yadda za ta sauka a kan karin kumallon lebura. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar sabuwar hukuma. Layi biyu ne a cikin takardar da dama za a rubuta.

Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafa tana bukatar inda za ta tsaya. Mutanen da suka bar Zamfara da Yobe da Jigawa suka je ciyar da Legas da gadinta ba su roƙi gwamnati ta faranta musu rai ba, sun iya wannan da kansu. Abin da suke nema shi ne kada a zubar da ɗan ruwan da suke yayyafa wa rayuwarsu. Allah Ya sa masu alƙalami su tuna da su a lokacin sa hannu.