Jirgin Alhazai Daga Kumasi: Wane Bincike Za Mu Karɓa, Wanne Za Mu Ƙi?

 

Tun ranar 10 ga Mayu 2024, da Shugaba Akufo-Addo da Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na Biyu suka buɗe sabon ginin filin jirgin saman Kumasi, aka raɗa masa sunan Prempeh na Ɗaya, tambaya guda ke ta dawo mana a ƙofar masallaci: Malam, yaushe jirgin alhazai zai tashi daga nan? Tambayar tana kan hanya. Mutumin Aboabo yana jin ƙugin jirgi daga cikin ɗakinsa, amma ranar da zai tafi Makka sai ya ɗauki tsohuwarsa a mota su yi yini a hanyar Akra, ko su nufi Tamale, inda aka fara kwasar alhazai kai tsaye a 2016.

Abin da muke so 'yan uwa su gane shi ne, kyan gini ba shi ke sa jirgi ya tashi zuwa wata ƙasa ba. Tun yarjejeniyar Chicago ta 1944 aka tabbatar da cewa kowace ƙasa ita ke da iko da sararin samaniyarta. Hukumar ICAO da ke Montreal tana tsara ƙa'idoji, amma ƙasar da za a saukar mata ita ke cewa eh ko a'a. Saudiyya ce ke amincewa da kamfanin da zai kai mata alhazai. Amurka kuwa har jami'anta take turowa su duba hukumar sufurin sama ta ƙasa, su duba filin da jirgi zai taso mata daga cikinsa. Nan ne ake samun tsamin dangantaka tsakanin gwamnatoci, domin babu ƙasar da ke jin daɗin baƙo ya shigo ya leƙa mata ɗaka. Mu ma da mun ji an ce Turawa sun hana jirginmu sauka, abin da ke fara zuwa bakinmu shi ne: raini ne. Wani lokacin rainin ne. Wani lokacin kuwa gaskiya ce aka faɗa mana, ta yi ɗaci.

Mu fara da namu na gida. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa Ghana Airways a 1958, kuma dattawanmu suna tuna yadda ake alfahari da baƙin tauraron da ke jikin jiragensa. A ƙarshen Yulin 2004 ma'aikatar sufuri ta Amurka ta hana kamfanin shiga ƙasarta, bisa zargin yana tashi da jirgin da aka ce a ajiye shi saboda matsalar lafiyarsa, kuma lasisinsa ya ƙare bai sabunta ba. Fasinjoji suka maƙale nan Akra da can Amurka. Gwamnatin Shugaba Kufuor ba ta tsaya cacar baki ba, sai ta sallami hukumar gudanarwar kamfanin. Daga nan bai sake miƙewa ba, bashi ya danne shi, aka rushe shi a 2005. A wannan shekarar kuma hukumar FAA ta Amurka ta mayar da Gana rukuni na biyu, wato a ganinta hukumarmu ba ta sa ido kan jirage yadda ya kamata. Ma'anar wannan a aikace: kamfanin Gana ba zai buɗe sabuwar hanya zuwa Amurka ba, amma nasu suna iya zuwa. Delta ya fara sauka Akra a ƙarshen 2006, ya gaji kasuwar.

An yi ta cewa makirci ne don a kashe mana kamfani. Cewa sun ci ribar abin, wannan a fili yake. Amma ba Ba'amurke ne ya bar lasisin ya ƙare ba, kuma ba shi ne ya tara bashin da har aka taɓa riƙe jirginmu a Landan saboda shi ba. Wanda ya bar ƙofarsa a buɗe, rabin laifin ɓarawo nasa ne.

Duk wanda yake ganin binciken lafiyar jirgi wulaƙanci ne, ya tuna ranar 11 ga Yuli 1991. Wasunmu muna karatu a ƙasashen Larabawa a lokacin, kuma ba mu manta yadda labarin ya iso ba. Jirgi ƙirar DC-8 na wani kamfanin Kanada, Nationair, wanda aka yi shatarsa da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Bincike ya nuna iskar wasu tayoyinsa ba ta kai ba, kuma an sani tun kafin ranar. Makaniki ya nemi a ƙara, ba a samu iskar da ake bukata nan take ba, mai kula da jigilar kuma bai yarda a yi jinkiri ba. Tayoyi suka fashe a kan titin tashi, aka naɗe su cikin jirgi da wuta a jiki, wutar ta ci har ta kai wurin fasinjoji. Matuƙi ya juyo zai sauka, bai kai ba. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi hajjinsu. Da an sami sufeto mai taurin kai a wannan safiya ya ce jirgin nan ba zai tashi ba, da alhazan da kansu sun yi ta ƙorafi a kansa, ana cewa ya hana bayin Allah komawa gida.

Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta wanke mai sakaci. Malaman usulu sun lissafa kare rai cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsare su, kuma a fiƙihunmu na Malikiyya amincin hanya, a kan rai da dukiya, yana cikin ikon da ke wajabta hajji. Shi kansa aikin sufeto ba baƙo ba ne a wurinmu. Hisba ke nan. Muhtasibi yana shiga kasuwa ya duba mudu da ma'auni, malamai kuma sun ambaci cewa yana hana a yi wa jirgin ruwa ko dabba lodin da ya fi ƙarfinsu. Saboda haka idan jami'in Saudiyya ko na Turai ya hau jirgin da zai ɗauki iyayenmu ya duba taya da takardun matuƙi, aikin da ya kamata mu yi da kanmu ne ya yi mana. Kuma mun nuna muna iyawa: a binciken ICAO na 2019 Gana ta sami maki sama da 89 cikin 100, wanda ya fi na kowace ƙasar Afirka a lokacin.

Sai nau'i na biyu, wanda ba jirgi ake bincika ba, mutum ake bincika saboda fasfon da ke hannunsa. Ranar Kirsimeti ta 2009 Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit. Aikin ta'addanci ne, babu malamin kirki da zai nema masa uzuri. A Akra ya sayi tikitinsa da tsabar kuɗi, daga Akra ya tashi zuwa Legas, sannan ya wuce. Nan da nan jami'an Najeriya suka ce ai daga Gana tafiyar ta faro, namu kuma suka mayar da martani, maƙwabta biyu kowa na tura wa ɗan uwansa garwashi. Ana cikin haka, farkon Janairun 2010, Amurka ta fitar da jerin ƙasashe 14 da za a riƙa tsananta wa matafiyansu bincike, har da lalube jiki. In ka cire Kuba, sauran duka ƙasashen Musulmi ne ko masu Musulmi da yawa, Najeriya na ciki.

A nan kam Najeriya ke da gaskiya da ta yi fushi. Yaron a Landan ya yi jami'a, a Yaman aka horar da shi, ya bi ta binciken Amsterdam ba a gano komai ba. Mahaifinsa, Alhaji Umaru Mutallab, da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja tun watan Nuwamba ya yi gargaɗi, amma ba a soke bizar ba, har Shugaba Obama da bakinsa ya amsa cewa tsarinsu ne ya gaza. To me ya sa tsohuwa 'yar Katsina za ta biya? Richard Reid, wanda ya ɓoye bam a takalmi a 2001, ɗan Ingila ne, ba mu ji an sa Ingila a wani jeri ba. Najeriya ta yi ta kuka a lokacin da Shugaba 'Yar'adua ke kwance a asibiti a Saudiyya, babu mai ɗaga waya a matsayin shugaba da shugaba. A watan Afrilun 2010 Amurka ta janye jerin, ta ce za ta koma aiki da bayanan sirri a kan mutum ɗaya ɗaya. Gana ba ta shiga jerin ba, amma ɗan Zango mai suna Umaru ko Abdullahi ya san fasfon Gana ba ya hana a ce masa ya koma gefe. Kai, tun a ofishin fasfo na gida ake fara tambayarsa inda kakansa ya fito.

Idan aka zalunci ƙasa a wannan fage, maganin da duniya ta sani shi ne ramuwa daidai da abin da aka yi. A Disambar 2021 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ba kamfanin Air Peace damar sauka sau ɗaya a mako maimakon uku da ya nema. Najeriya ta rage wa Emirates daga 21 a mako zuwa ɗaya, ba a daɗe ba aka sasanta. Najeriya ta iya haka ne don tana da kasuwa, tana da kamfanin da za ta tsaya wa. Mu tun da Ghana International Airlines ya daina aiki a 2010 muke jin alkawarin sabon kamfanin ƙasa daga gwamnati zuwa gwamnati. Shekaru da dama kamfanin Flynas na Saudiyya ke kwasar alhazanmu. Ba aibi ba ne, amma wanda aka goya ba shi ke zaɓen hanya ba.

Akwai kuma abin da ke hannunmu mu mutanen Zango, kuma shi ne wanda ba mu son a faɗa. Tsaron filin jirgi ba don 'yan ta'adda kaɗai ake yin sa ba. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Saudiyya da ta je Umra, saboda jakar ƙwayoyi da aka maƙala wa lambar sunanta. Daga baya aka gano wasu ma'aikata ne a filin jirgin Kano suka yi aika-aikar, ba ta ma san da jakar ba. Sai da gwamnati ta shiga aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019, a ƙasar da hukuncin fataucin ƙwaya kisa ne. Sakacin filin jirgi ke nan, kuma a kan mai ibada ya faɗa. Mu kuma al'adarmu ce a kawo wa alhaji ƙunshi a daren tafiya a ce ya kai wa wane a Makka, shi kuma ya ji kunyar buɗewa. Muna roƙon limamai su faɗa a kan mumbari: buɗe saƙo a gaban mai shi ba rashin yarda ba ne, kuma ƙin karɓarsa ba yanke zumunci ba ne. Jaka ɗaya da za a kama daga jirgin Kumasi ta isa ta sa a dawo da mu Akra shekara da shekaru.

Ga shugabannin Zango da 'yan majalisarmu na Asawase da kewaye, idan za a zauna da hukumar alhazai, kada a tsaya ga tambayar yaushe. Lokacin da aka buɗe filin, titin jirginsa bai cika kilomita biyu ba, ana maganar ƙara shi zuwa mita 2,320. A tambaya ina aikin ya tsaya, kuma wane irin jirgi ne zai iya tashi a kansa cike da mutane da kaya da man da zai kai Jidda ko Madina. A tambaya ko an gayyaci hukumar sufurin sama ta Saudiyya ta zo ta duba, me ta ce a gyara. A tambayi motocin kashe gobara nawa ne, na'urar duba kaya nawa ke aiki, wa ke riƙe da jakar alhaji daga sikeli zuwa cikin jirgi. A nemi amsar a rubuce, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a kafin kowa ya biya kuɗin kujera.