Wafil da yogot: karin kumallon da ba sai an tsoma shi a suga ba

Idan yaranki sun dame ki da rigimar wafil, wannan gasasshen abin mai ramuka-ramuka da suke gani a waya ko a shagunan kayan maƙulashe, to yau da ke nake. Asalinsa abincin Turai ne, kuma ƙasar Beljiyam ce ta fi yin suna da shi. A can ma fitattunsa iri biyu ne: na birnin Burasel, marar nauyi mai manyan ramuka, da na Liyej, wanda ake cusa wa ƙwayoyin suga a cikin kwaɓin su narke su daskare a jikinsa. Ke da kika iya waina kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinki. Ƙullu ne, da ƙarfe mai zafi, da ɗan mai. Bambancin kawai shi wuta ke gasa shi ta sama da ƙasa lokaci guda.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda aka fi sayar da shi: farar fulawa zalla, bota mai yawa, suga a ciki, sannan a malala masa cakulet ko ruwan suga a kai. Wannan kek ne aka canza wa suna, kuma ba ya riƙe cikin yaro har lokacin tara a makaranta. Tun a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙara wa abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, ta ce in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga babban mutum wannan kashi 5 ɗin kusan giram 25 ne, wato ƙaramin cokali shida. Ki lissafa na shayin safe kaɗai ki gani.

To ina yogot ya shigo? Tsaminsa ne ke aiki. Kin san yadda ake ɗiga ruwan kanwa a ƙullun waina idan ya yi tsami? Irin haka ne ke faruwa idan yogot ya haɗu da bekin soda: tsamin ya lafa, iska ta taso a cikin ƙullun, wafil ya tashi ya yi laushi a ciki. Kaurin yogot kuma na riƙe danshi, don haka ba ki buƙatar tulin bota. Ga furotin, ga kalsiyam mai gina ƙashi. Sai dai fa marar suga nake nufi. Wancan mai zaƙi na roba da ake sha da sanyi, in kika zuba shi kin dawo da sugan da kika kora ta ƙofar baya. Ki duba jikin robar kafin ki saya. In kina da kindirmo mai kyau, ya wadatar, ni ma shi na fi so saboda ɗanɗanonsa.

Ga awon da zai ba ki wafil shida zuwa takwas, gwargwadon girman injinki. Ki haɗa fulawa kofi ɗaya da garin alkama kofi ɗaya, bakar hoda ƙaramin cokali biyu, bekin soda rabin ƙaramin cokali, gishiri kaɗan, da suga babban cokali ɗaya kacal. A wani kwanon ki kaɗa ƙwai biyu da yogot kofi ɗaya, madara ko ruwa kusan kofi ɗaya, da man gyaɗa babban cokali uku. In kindirmon ya yi ruwa-ruwa sai ki rage madarar. Ki juye mai ruwan a kan garin ki juya sama-sama. Gudaji kaɗan ba laifi ba ne. In kika buga shi kamar ƙullun alkaki zai yi danƙo, wafil ɗin ya fito da tauri. Ki bar shi ya huta minti biyar zuwa goma, garin alkamar ya sha ruwa.

Kada son rage mai ya sa ki cire shi gaba ɗaya. Wafil marar mai mannewa yake a jikin inji, ki ƙare da kankara da cokali yara na jiran motar makaranta. Haka garin alkama: in yaranki ba su saba ba, ki fara da rabin kofi, ki riƙa ƙarawa a hankali.

Ki bari injin ya yi zafi sosai, ki shafa mai kaɗan, ki zuba ƙullun ba tare da ya cika ya tumbatsa ba. Alamar nuna ita ce tururi: muddin yana fita da yawa kada ki buɗe, sai ya ragu, yawanci minti huɗu zuwa biyar. Idan kin cire kada ki ɗora wani kan wani, gumi zai sa su yi laƙwas. In an ɗauke wuta, akwai ƙarfen wafil na ɗorawa kan gas, in babu shi ma wannan ƙullun yana gasuwa a tanda ko kaskon suya. Ramukan ne kawai za ki rasa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: zafin gashi yana kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin yogot. In kina son yaro ya same su, sai ki ɗora masa cokali biyu na yogot mai sanyi a kan wafil ɗin bayan ya gasu. A nan ne kuma ya kamata ki kula da inda nonon ya fito. Wanda zai shiga ƙullu wuta za ta dafa shi, amma wanda za a ci a kai dole ya zama na madarar da aka tafasa kafin a ɗaura, domin ɗanyen nonon shanu na iya ɗaukar cututtuka, har da tarin fuka na shanu.

Zaƙin kuma ki bar wa 'ya'yan itace. Yankakken ayaba, mangwaro in lokacinsa ne, gwanda, ko dabino biyu da aka yanka ƙanana, a barbaɗa dakakkiyar gyaɗa ga yaran da suka iya tauna sosai. Zuma na da daɗi, amma a lissafin waccan hukumar ita ma cikin suga take, don haka ɗigo ya isa. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuwa ba a ba shi zuma ko kaɗan.

Idan safiyarki ba ta da sarari, ki gasa da yawa ranar Asabar, ki bari su huce sarai, ki jera a leda ki sa a firiza. Da safe ki mayar da su cikin injin minti biyu ko uku su dawo da ƙarasƙaras ɗinsu. Ƙullun ne ba ya son kwana, domin bekin soda na fara aiki ne tun lokacin da ya taɓa yogot. In kina son rage aiki, ki auna garin ki rufe tun da dare, ki bar haɗa ƙwai da yogot sai gari ya waye.