Duwatsun Adar na jiran matasansu

Duk mai leƙa Facebook ko Instagram ya saba ganin hotunan Turawa a gaɓar tekun Norway: mutum ya goya jaka, ya yi kwanaki yana takawa tsakanin tsaunuka, ya kafa tanti a bakin ruwa, ya ɗauko hoton da duniya za ta yi ta yabawa. Mu ma muna yabawa. Amma a nemi hoto mai kyau na kwarin Majiya ko tsaunukan Keita, sai an sha wuya kafin a samu.

Alhali akwai abin ɗauka. Tun 1975 ƙungiyar CARE da manoman yankin Bouza suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. A 1984, shekarar babban fari, aka ƙaddamar da aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya da goyon bayan FAO. Maza da yawa sun tafi bida, saboda haka mata ne suka fi ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa a kan fako, ana biyan su da abinci. An dasa miliyoyin itatuwa, an gina madatsun ruwa.

Yau waɗannan iyaye mata sun tsufa, yashi na cike wasu madatsun, gatari kuma bai ƙyale itatuwan ba. Abin da ido bai gani ba, wa zai kare shi? Hoton madatsar da ta tsage, da sunan ƙauyen da ranar da aka ɗauka, hujja ce da za a iya ajiyewa gaban magajin gari. Ɗan Adar da ke Abijan ko Tripoli, idan ya gani, zai san inda kuɗin ƙungiyarsu ya kamata su tafi.

Wasu za su kawo maganar tsaro, kuma suna da gaskiya. Kudancin Madaoua, wajen Bangui da ke iyaka da Najeriya, ya sha fama da 'yan bindiga, kuma babu hoton da ya kai ran mutum. Sai dai wannan dalili ne na yin tsari. A tafi cikin ayari, a sanar da jandarmomi, a ɗauki ɗan gari jagora a biya shi. A sauka wurin mai gari, a kwana inda ya nuna. A zaɓi lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin da damina korama kan kawo ruwa ba sallama. A riƙi isasshen ruwan sha, kada a sare ice don hura wuta, kuma a nemi izini kafin a ɗauki kowa hoto, musamman mata.

Ƙungiyoyin matasa da ɗaliban jami'ar Tahoua na iya farawa da tafiyar kwana biyu a sanyin bana. Wayar da ke aljihu ta isa. Matan da suka jera duwatsun suna nan da ransu, kuma yanzu ne lokacin da za a zauna a ji daga bakinsu.