Ƙarar waƙa ba ita ce daɗinta ba

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta ratsa Gazawa da Agye, ta wuce Maraɗi da Tsibiri har Gidan Rumji, ya san rumfunan samarin da ke zuba waƙoƙi cikin wayar salula. Can ne kuma ake kai tsofaffin kaset na makaɗan fada da na masu gurmi da goge da kalangu, don a juye su cikin kwamfuta kafin zarensu ya tsinke. Niyya ce ta alheri. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ke ɓata aikin, wato murɗa sauti har ƙarshe lokacin juyewa, domin mai saye yakan zaci waƙar da ta fi ƙara ita ta fi kyau.

Ɗan kasuwa ya san tiya tana da baki: in ta cika aka ci gaba da zuba gero, ƙasa zai sha. Haka kwamfuta take. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel, kuma iyakarta ita ce sifiri. Duk sautin da ya nemi wuce sifiri sai na'urar ta datse masa kai, murya ta shaƙe, kalangu ya koma kamar ana buga garwa. Abin da aka datse kuwa ya tafi ke nan, don ko an rage ƙarar daga baya ba ya dawowa.

Babu waɗanda suka fi sanin wannan kamar masu sassaƙa faifan garmaho, sana'ar da ta sake farfaɗowa a Turai da Amurka. A yau waƙar daga kwamfuta take fitowa, ta bi waya zuwa injin da ke da allura mai zafi, ita kuma ta tsaga siririyar hanya a kan faranti mai laushi. Kafin a saki waƙa, sai ma'aikacin ya saki wani sauti na gwaji mai kaɗawa sau 1000 a daƙiƙa guda. Gidajen rediyon Turai sun yi ittifaƙi a ajiye irin wannan sauti desibel 18 ƙasa da iyakar kwamfuta, na Amurka kuwa desibel 20. Da shi ake daidaita kwamfuta da injin, har ma'aunansu su faɗi magana ɗaya, kamar yadda mai sikeli ke gwada shi da dutsen kilo kafin ya fara awo. Tazarar da aka bari a sama ita ce wurin da bugun ganga zai samu ya yi tsalle ba tare da ya bugi rufi ba.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne allura ba ta san ƙarya ba. In sauti ya yi ƙarfi, sai ta ƙara lilo hagu da dama, hanyar ta ci fili. Babban faifai mai faɗin santimita 30, mai juyi sau 33 da sulusi a minti, yana ɗaukar kimanin minti 20 a kowane gefe, amma in aka ƙara ƙarfi mintocin raguwa suke yi. Kauri irin na tambari, in ya wuce kima, yana iya sa allurar mai saurare ta fice daga hanya. Kaifin harufa irin su s da sh da ts, waɗanda Hausa ke cike da su, yana iya ƙone kan injin. Saboda haka ne tun shekarar 1954 kamfanonin Amurka suka tsai da ƙa'ida guda, ta RIAA: a rage kaurin sauti a ƙara kaifinsa lokacin sassaƙa, na'urar saurare kuma ta mayar da kowane mazauninsa.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen Turawa ne. Mamman Sani, mai kiɗan ogan na lantarki da aka sani a rediyo da talabijin na ƙasa, ya ɗauki kiɗansa a Yamai a 1978, aka fitar a kaset. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a faifai. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa Anar a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, kafin a sassaƙa su a faifai a 2014. Ashe abin da ke cikin akwatin wani dattijo a Cadakori ko Tsibiri na iya zama dukiya ga magadansa, muddin dai an juye shi da tsabta.

Shawara ga masu rumfuna da ma'aikatan gidajen rediyon karkara ba ta da tsada. Kafin juyewa, a nemi wurin da kiɗa ya fi tsananta a kaset, a daidaita ƙarfi har ya tsaya aƙalla desibel 6 ƙasa da sifiri, kada ma'auni ya taɓa ja. A ajiye kwafin farko a tsarin WAV, domin MP3 zubar da wani sashe na sauti yake yi don ya rage nauyi. Mai son ƙara a yi masa kwafi na biyu. A rubuta sunan makaɗi da gari da shekara, a kuma mayar wa mai kaset abinsa ya adana nesa da rana da ƙura.

Ga masu saye kuwa, ƴan kasuwa da ma'aikata, su ne ke da ikon sauya ɗabi'ar, domin yaro abin da aka yaba yake yi. Rediyo da waya duk suna da wurin ƙara murya. Makaɗin da ya riga mu gidan gaskiya kuwa ba zai dawo ya sake waƙa ba, don haka rigakafi ya fi magani.